Wace bindiga mai famfo ce za ta dace da farautata da jikina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mafarauci ne daga Rigachikun, da bindigar toka na saba. Ina so in koma ta zamani mai famfo, wadda ake jan mariƙinta na gaba baya da gaba don fitar da kwanso da ɗora sabon harsashi, guda ɗaya da za ta yi mini fakara, zabon daji da zomo. Wacce zan zaɓa, kuma yaya zan gane ta yi daidai da jikina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar bindiga, akwai maganar takarda. Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe irin wannan bindiga ba lasisi, a 2018 rundunar 'yan sanda ta sa mai famfo cikin makaman da ta ce a miƙa, sannan a 2023 ta dakatar da ba da sabon lasisi. Saboda haka ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ta Kaduna ka ji matsayin yau daga bakinsu. Idan mai baki ɗaya ko mai baki biyu kawai aka yarje maka, gwajin da zan bayyana duk ya hau kansu.

Ga farautar da ka lissafa, nemi geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin ramin bututu), don harsashinta ya fi samuwa. Tsawon bututu inci 26 zuwa 28, nauyi wajen kilo uku da ɗoriya. Duba rubutun jikin bututun: idan 76 mm aka sa, tana cin harsashi mai tsawon 70 mm da na 76, idan 70 mm ne, kada ka kuskura ka sa mata na 76, domin kwanson ba zai sami wurin buɗewa ba, matsin wuta ya wuce kima. Abin da ke sa bindiga ɗaya ta yi aikin uku shi ne cok, ɗan bututun da ake murɗawa a bakinta don matse watsuwar ƙwayoyin dalma. Wanda aka rubuta wa Modified shi ne na kullum, Full na zabon da ke tashi daga nesa, Improved Cylinder na zomo a cikin duhuwa. Ƙwaya mai lamba 6 ta isa fakara da zomo, zabo kuwa sai lamba 4, wadda ta fi girma. A cikin masu famfo, Remington 870 da Mossberg 500 su ne sanannu. Makullin kariyar Mossberg a sama yake, inda babban yatsa ke sauka, shi ya sa ta fi yi wa bahago daɗi.

Sai dai suna ba ya kashe nama. Irin wannan bindiga ba a tsayawa saiti da ita, nuni ake yi, idonka ne ma'auni. In ba ta zauna maka ba, kana kallon fakara ita tana kallon wani wuri.

Ga yadda za ka gwada: buɗe ta, ka duba ramin harsashi da ma'ajiyarsa da ido da yatsa, ka tabbata ba komai. Sa rigar da kake shiga daji da ita, har da ta sanyi in da hunturu kake fita, don kaurin riga yana ƙara tsawo. Zaɓi wani tabo a bango, rufe ido, ɗaga bindigar zuwa kunci da kafaɗa, sannan ka buɗe ido. Ya kamata ka ga ɗan ƙwallon saiti da ke bakin bututu zaune a tsakiya, kan bututu a shimfiɗe. Idan bayan bindigar ya tare maka shi, idonka ya yi ƙasa, kuma ƙasa za ka riƙa harbi. Sa ɗan ƙaramin filo a inda kunci ke kwanciya yana gyara wannan. Idan kana hango tsawon bututun duka kamar titi, sama za ta harba. Maimaita sau goma, kada ka miƙa wuya kana neman saitin.

Tana kafaɗa, tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe da kunama ya zama faɗin yatsu biyu zuwa uku. Galibi daga kunama zuwa gindi inci 14 ne. In ta yi gajarta, yatsa zai naushi hanci idan ta tashi, sai a ƙara roba mai kauri a gindi. In ta yi tsawo, za ta maƙale a hammata, hannun gaba kuma ya miƙe sarai. A mai famfo nan ne matsalar take: ba za ka ja famfon ya kai ƙarshe ba, kwanso ya ƙi fita ko sabon harsashi ya ƙi hawa. Gwiwar hannun ta kasance a ɗan lanƙwashe, ja da ƙarfi har baya, tura har gaba.

Gwada idonka ma. Nuna wani abu da yatsa ido biyu a buɗe, ka rufe na hagu. In yatsan ya kauce, idon hagu ne jagora, gara ka koyi harbi ta kafaɗar hagu.

Gwaji na ƙarshe a fili ne, inda akwai tudun ƙasa a baya, ba gida ba hanya. Kafa faffaɗan kwali, yi baƙin tabo a tsakiya, ja da baya taku 16. Ɗaga ka harba yadda za ka yi wa tsuntsu, sau uku zuwa biyar, ka ga inda ƙwayoyin suka fi taruwa. Idan kullum gefe ɗaya suke, gindin ne ke son gyara wurin mai gyaran bindiga.

Da ka dawo daga daji, goge sandunan famfo ka shafa mai kaɗan. Mai da yawa yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya zama laka, famfon ya cije. Kuma kada harsashin geji 20 ya shiga jakarka: yana zamewa cikin bututun geji 12 ya toshe shi, wanda aka sa a bayansa ya fasa bindigar.