Amsar Baffa Kan Gadon Ƙira da Zancen Zane

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce zuciyarka ta karkata ga zane, na takarda da na kwamfuta, mahaifinka kuwa yana ganin ɗan maƙeri ba shi da mazaunin da ya wuce gaban uwar maƙera. Kana tambaya ko al'ada ta ɗaure ka, kuma ta yaya mutum ke gane abin da ya zo duniya yi.

Al'adar nan gaskiya ce, ba mahaifinka ya ƙago ta ba. A ƙasar Hausa sana'a gida take bi. Maƙera, majema, marina, masaƙa, dukawa, wanzamai, mahauta, makaɗa, kowa da zuriyarsa, har da sarautunsu irin su Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa da Sarkin Aska, masu sasanta 'yan sana'a da tsaya musu a fada. Kuma akwai hikima a ciki. A da babu makarantar koyon sana'a, gidanku ne makarantar. A nan kayan aiki suke, a nan asirin yake, masu kawo aiki ma gadonsu ake yi. Kai kanka ka san yadda abin yake. Yaro ya daɗe a kan zugazugi yana hura wuta, hayaƙin gawayi na cika masa ido, ba a ba shi ko awartaki ya riƙe ba. Shi gani yake bauta ce kawai ake sa shi, alhali idonsa ne ke koyon launin ƙarfe, ya san ja na ɗanye da ja na wanda ya nuna, kunnensa kuma na koyon amon masaba. Ranar da za a ce ya daki bakin lauje, rabin aikin ya riga ya shige shi bai sani ba.

Amma ƙofar ba a taɓa kulle ta ba. Tun da can akwai ɗan karda, wanda ya gada, akwai kuma shigege, wanda ya shigo da ƙafarsa. Akan yi wa shigege gori, ba zan ɓoye maka ba, amma ba a korarsa in ya iya. Dubi Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, gidansu ba makaɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Tallan goro da alewa ya fara. Kafin ya rasu a 1999 babu ɗan gadon da ya sha gabansa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Sai dai matasa in sun kawo misalinsa sukan tsaya a kan saɓa wa uba, su manta da shekarun da ya yi yana yawo gari gari, dandali dandali, kafin sunansa ya fito.

Ni wadda na fi so ka duba ita ce Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Ita Bagwariya ce, ginin tukwane kuwa a gida ta koya, wajen innarta, irin na hannu da matan garinsu suka saba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi sabon salo da gasa tukwane a wuta mai zafin gaske, amma siffar tulunta da zanen ƙadangaru da kifi da kunamu da take yi a jikinsu na gida ne. Abin da ya kai aikinta Ingila da Amurka ke nan. Ta fita da gadon ne a hannu, ba ta jefar da shi a bakin ƙofa ba.

Shi zanen ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, wani ne ke zana ta a jikin yadi kafin mai ɗinki ya sa allura, kuma galibi malamai ne masu zayyana. Haka adon da magina ke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya. Maƙera da yawa yanzu sun koma walda, suna yin ƙofofi da tagogi, kuma duk wanda ya shiga kasuwar ya san mai sabon fasali shi ke kwashe aiki. Batun zana abu mai rai kuwa, malamai suna da magana a kai, ka zauna da malaminka ka ji, kada ka ɗauki fatawa a waya.

Sai tambayarka ta biyu. Ina jin ku kuna cewa kuna neman kanku, maganar kan ba ni dariya kaɗan. Dalilin zuwanmu duniya an riga an faɗa mana a Suratuz Zariyat, aya ta 56, bauta ce. Sana'a hanya ce ta cin halal da amfanar mutane, Annabi Dawuda ma sulke yake ƙerawa, daga aikin hannunsa yake ci. Saboda haka kada ka ɗora wa zane nauyin da ba nasa ba, har ka ɗauka in ba shi ba rayuwarka ta tashi a banza. Wannan tunanin ne ke hana matasa barci, ya kuma sa su raina duk aikin da ke gabansu.

Baiwa kuwa ba a zaune ake gano ta ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Jin daɗi kaɗai ba shaida ba ne, kowa na son abin da bai fara wahalarsa ba. Ka lura da kanka a ranar da aikin ya ƙi, ka yage takarda sau da yawa, mai aiki ya dawo da shi ya ce bai yi ba. In gari ya waye ka ga ka sake zama a kansa ba wanda ya sa ka, to akwai magana. Sannan ka nemi gwanin da ya fi ka, wanda ba ya jin kunyarka, ya duba aikinka. Yabon abokai a Facebook ba ya cikin lissafi. Shigege na da ma sai ya zauna ƙarƙashin ubangida, ya yi aike, ya sha faɗa. Wannan kam al'ada ba ta yafe wa kowa ba, ɗan gado ko ɗan haye.

Mahaifinka kuma ka fahimce shi. In ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ba sarauta yake nuna maka ba, tsoro yake ji. Yana tsoron wutar maƙerar ta mutu a hannunsa, yana kuma tsoron ka kama abin da ba zai ciyar da kai ba. Na biyun kai za ka kawar masa da shi, da aiki ba da gardama ba. Kada ka yi masa maganar nan ta waya ko a gaban ƙannenka. Ka nemi ya ba ka wa'adi, ka ci gaba da leƙa maƙera a ranakun da kake da sarari, in ya samu aikin ƙofa ka zana masa fasalinta ya gani da idonsa.

In ka zo hutun Sallah ka taho da zanen naka, har da waɗanda kake ganin sun lalace, ina son in ga su ma. Daga nan sai mu shiga wurinsa tare bayan la'asar, ni zan fara magana. Ka gaida mahaifiyarka.