Tambaya da Amsa: Alamomin Taswirata Sun Ɓace Bayan Sabuntawar Tsaro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin zana taswira a wani ofishin awon filaye a nan Legas, kuma muna cikin haɗa taswirar Agege wadda ke nuna makarantu da asibitoci da rijiyoyin burtsatse. Kwamfutar ofis ta yi sabuntawar tsaro da daddare, da safe sai na tarar tituna da iyakoki suna nan, amma alamomin sun ɓace, wasu kuma sun koma haruffa ko ƙananan akwatuna da babu komai a cikinsu. Abokan aikina sun ce in cire sabuntawar. Mece ce shawararku?
Mai karatu daga Agege, Legas

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin bayanan taswirarka ba su salwanta ba. A manhajojin zana taswira irin su ArcMap da MapInfo, yawancin alamomin da kake gani ba hotuna ba ne, haruffa ne da ke cikin wani fayil na salon rubutu samfurin TrueType, inda aka zana gicciyen asibiti ko tutar makaranta a gurbin harafi. Idan babbar manhajar kwamfuta, wato Windows, ta kasa buɗe wannan fayil, sai ta ɗauko wani salon ta maye gurbinsa, shi ya sa rijiyarka ta koma harafi tsirara.

Akwai dalilin da ya sa sabuntawar tsaro ke yawan taɓa wannan ɓangare. Shekaru da dama Windows tana sarrafa fayilolin rubutu ne a can cikin cibiyarta, har masu kutse suka bi ta wannan kafa da ƙwayar cutar Duqu a 2011. Tun daga nan ake ta tsaurara matakai, wani lokaci kuma gyaran yakan shafi fayiloli masu lafiya. A Disamban 2012, sabuntawa mai lamba KB2753842 ta hana wasu haruffan salon rubutu samfurin OpenType fitowa a manhajar zane ta CorelDRAW, sai da kamfanin Microsoft, mai Windows, ya sake fitar da gyararriya a cikin watan.

Saboda haka ban goyi bayan cire sabuntawar ba, musamman a kwamfutar da ke ɗauke da takardun filayen mutane kuma take kan intanet kullum.

Da farko ka sake kunna kwamfutar, sannan ka buɗe foldar C:\Windows\Fonts ka duba ko fayilolin alamomin suna nan, misali ESRI Default Marker ga mai aiki da ArcMap. Idan babu su, ka kwafo su daga kwamfutar abokin aikinka da ke aiki lafiya, ka danna maɓallin dama na linzami a kansu, ka zaɓi "Install for all users". Wannan zaɓi yana da muhimmanci ƙwarai, domin tun daga Windows 10 samfurin 1809 ana iya saka salon rubutu ga mutum guda kaɗai, kuma wasu tsofaffin manhajoji ba sa ganin abin da aka saka ta wannan hanya. Idan kuwa fayilolin suna nan amma alamomin sun ƙi fitowa, ka nemi mai kula da kwamfutocin ofishinku ya share ma'ajiyar wucin gadi ta haruffa, ya kuma duba ko an kunna dokar toshe fayilolin rubutu da ba a amince da su ba.

Kafin ka miƙa taswirar ga mai ita, ka fitar da ita a matsayin PDF tare da zaɓin cusa haruffan a cikin fayil ɗin, don kada alamomin su sake ɓacewa a kwamfutarsa ko a shagon masu buga takardu.