'Yata tana binne 'yar tsanarta, in hana ta?

TAMBAYA: Anti, 'yata shekararta biyar. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda ta raine ta. Tun daga nan kullum sai ta naɗe 'yar tsanarta, ta rufe ta da ƙasa, ta tono, ta sake rufewa. Abin ya tsorata ni, na ɓoye 'yar tsanar. Yanzu kuma ta koma fitsarin kwance. Ya zan yi? Daga wata uwa.

AMSA: Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, ki mayar mata da 'yar tsanarta yau ɗin nan.

Yarinya 'yar shekara biyar ba ta da bakin cewa "kewa ke damuna". Abin da ke cin ranta a hannunta yake fita. Rufewa da tonowar nan tambaya ce: wanda aka rufe yana dawowa? Yara masu irin shekarunta galibi ba su gama gane cewa mamaci ba ya dawowa ba.

A kan wannan aka gina jinyar yara ta hanyar wasa. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Virginia Axline, ta shimfiɗa ƙa'idojinta a 1947, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce yaro ke jan gaba, babba na biye. Akan yi wa yara 'yan shekara 3 zuwa 12, yawanci sau ɗaya a mako, a ɗaki mai yashi, fenti da 'yan tsana. A shekarun 1960 wasu masana halayyar ɗan Adam, Bernard da Louise Guerney, suka fara koya wa iyaye yin ta da kansu, kuma nan ne abin ya fi burge ni.

Ki ware mata minti 30. Ki ajiye waya, ki zauna a ƙasa kusa da ita. Kada ki ce "me ya sa?", kada ki gyara mata wasan. Ki faɗi abin da idonki ya gani kawai: "Kin lulluɓe ta sosai." In ta tambaya, gaya mata gaskiya a hankali. Don Allah kar ki ce Kaka barci take ko tafiya ta yi. Sai yarinya ta tsorata da barci, ko ta zauna jiran ƙofa.

Fitsarin kuwa, ban da duka, ban da gori. Ki kai ta likita ya duba ko ciwon mafitsara ne. Idan kuma ta daina cin abinci, tana firgita da dare, ko ta janye daga sauran yara makonni a jere, ki nemi ya tura ku wajen ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwar yara.