Kada ka ɓamɓare kan sarki daga ambulan

Tambaya daga Marwa: Malam, na tarar da tsofaffin wasiƙu a akwatin marigayi mahaifinmu. Wasu da kan sarki mai hoton Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, wasu daga Makka aka aiko su. Wani ya taya duka jaka goma, amma ya ce in ciro masa kan sarkin kawai. In sayar?

Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, dakata tukuna, kuma don Allah kada ka ɓamɓare ko ɗaya. Ambulan da ke ɗauke da hatimin gidan waya, da sunan gari da kwanan wata, sau da yawa ya fi kan sarkin shi kaɗai daraja. Na taɓa riƙe wani da aka buga wa hatimin Fort-Lamy, sunan da Injamena ta bari a 1973. Da an cire kan sarkin, da wannan shaidar ta bi shara.

Duba rubutun jikin na Kamaru, shi zai gaya maka shekarunsu. "République Fédérale" daga 1961 ne zuwa 1972, lokacin tarayya. "République Unie" daga 1972 zuwa 1984. Na Ahidjo an buga su da yawa, don haka kada ka sa rai da kuɗin sayen mota. Wanda ya kamata ka buɗe ido a kai shi ne na Najeriya da aka danna wa "Cameroons U.K.T.T." a 1960, kafin haɗewar Kamaru.

Na Makka kuwa, ni da ni ne ba zan sayar ba. Wasiƙar alhaji ce zuwa gida, da rubutun hannunsa. In akwai aya ko hoton Ka'aba a jiki, ka ajiye su sama, wuri mai tsabta, nesa da raɓar damina da gara. Kada ka ɗauke su da hannu mai maiƙo.

Tambaya daga Kusuri: Ana tallan kan sarkin Chadi masu ƙyalli a Facebook, da araha. In saya?

Yi hattara, 'yar'uwa. An sha buga na jabu da sunan Chadi a ƙasashen waje, ba da sanin gidan wayar ƙasar ba. Nemi mai sayarwa ya ba ki lambarsu a kundin Yvert et Tellier, littafin Faransa mai jera kan sarki da lambobinsu. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinki. Ki fara da na 'yancin kai, zamanin Tombalbaye, shugaban Chadi na farko, ki duba haƙoran gefe sun cika, bayan kuma bai yi tsatsa ba.