Littafin manɗiƙi ya kira hujjar da ta ƙare da ƙarya ingantacciya: in ci gaba da karanta shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar farko ta jami'a, kuma an wajabta mana darasin manɗiƙin alamomi, wato ilimin auna hujja ta hanyar alamomi. Littafin da aka ba mu na masu farawa ne: ya soma da mayar da jumloli zuwa alamomi, sannan jadawalin gaskiya, sannan fitar da natija, wato sakamakon hujja, mataki-mataki. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tun a babin farko ya kawo hujjar da ta ce duk kifi yana da fukafukai, duk mai fukafukai yana tashi sama, saboda haka duk kifi yana tashi sama, ya kuma ce wai ingantacciya ce. Wani mai koyar da muhawara a bidiyo ya ce irin waɗannan littattafai ɓata lokaci ne, gara mutum ya haddace sunayen kurakuran hujja. Jarrabawa ta matso, ina tsoron kada littafin ya ɓatar da ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ka riƙe littafinka da kyau. Misalin kifin nan da ya firgita ka shi ne shaidar farko cewa marubucin ya san aikinsa, domin da gangan ya zaɓi ƙarya a matsayin muƙaddimomi, wato jumlolin da aka gina hujjar a kansu, don ya raba ka da kallon abin da jumlolin suke faɗa, ya mayar da idonka kan yadda aka ɗora su. Littafin da duk misalansa na ingantacciyar hujja gaskiya ne zalla, shi ne wanda zan ji tsoronsa, don ɗalibi zai kai ƙarshensa bai gane mene ne ake aunawa ba.

Wannan ruɗani na ɗaukar inganci a matsayin gaskiya shi ne abin da nake fama da shi kullum, a wurin ɗalibai har ma da waɗanda suka daɗe da gama karatu. Idan an ce hujja ingantacciya ce, abu guda ake nufi: ba zai yiwu muƙaddimominta su zama gaskiya kuma natijarta ta zama ƙarya ba. Babu alkawarin cewa muƙaddimomin gaskiya ne. Wannan aikin masanin halittu ne, ko likita, ko masanin tarihi, gwargwadon abin da ake magana a kai. Malaman manɗiƙi na da ma sun bambance wannan sarai, suka ce kuskuren hujja yana zuwa ne ko dai ta sura, wato tsarinta, ko ta madda, wato abin da aka gina ta da shi, kuma wanda ya karanta Sullam na Al-Akhdari ya tarar da wannan rabo a ƙarshen littafin. Hujjar kifi surarta lafiya lau take, maddarta ce ruɓaɓɓiya.

Yanzu duba ɗaya fuskar, wadda ta fi yaudara. Idan lamba tana rabuwa da 4, to tana rabuwa da 2. Lamba 8 tana rabuwa da 2. Saboda haka 8 tana rabuwa da 4. Jumla ta farko gaskiya ce, ta biyu gaskiya ce, ta uku ma gaskiya ce, amma hujjar ɓatacciya ce. Cire 8 ka sa 6 a gurbinta ba tare da ka taɓa tsarin ba: muƙaddimomin biyu suna nan a kan gaskiyarsu, natijar kuwa ta ce 6 tana rabuwa da 4, wanda ƙarya ne. Natijar farko dace kawai ta yi, tsarin bai haife ta ba. Ɗalibin da yake auna hujja da ko ya yarda da ƙarshenta zai karɓi ta 8 ya ƙi ta kifi, kuma ya faɗi a duka biyun.

Haɗarin bai tsaya a ɗakin jarrabawa ba. Mai sayar da magani zai ce maka duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa, wannan kuwa daga tsiro ya fito, don haka ba ya cutarwa. Tsarin ba shi da aibi ko kaɗan, kuma wanda ya ɗauka inganci shi ne gaskiya zai ji an ɗaure shi, ya rasa ta cewa, ya saya ya sha. Wanda ya fahimci darasin kifi kuwa ya san inda zai sa yatsa, wato muƙaddima ta farko, tunda akwai tsirrai masu kisa. Har ila yau, ingantacciyar hujja mai natijar ƙarya kayan aiki ce babba, domin tana tabbatar maka cewa aƙalla ɗaya daga cikin muƙaddimomin ƙarya ce. Da wannan hanya ce tsoffin Girkawa suka nuna cewa tushen murabba'in 2, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da 2, ba ya rubutuwa a matsayin rabon cikakkun lambobi biyu: suka ɗauka yana rubutuwa, suka bi ingantattun matakai har suka iske saɓani, sai abin da suka ɗauka ya rushe. Wanda ya ƙi yarda a gina ingantacciyar hujja a kan ƙarya ya rufe wa kansa ƙofar wani babban sashe na lissafi.

Maganar mai bidiyo kuwa ta ɓata mini rai, domin irinsa sun yi yawa. Suna koya wa matasa jerin sunayen kurakurai kamar masu raba makamai, yaro ya fita yana jifan duk wanda ya saɓa masa da suna bayan suna, alhali idan ka ba shi hujja mai layi uku ka ce ya nuna ko natijar ta biyo daga muƙaddimomin, sai ya yi tsuru-tsuru. Mafi muni, suna cusa masa cewa da zarar ya gano kuskure a hujjar wani, to ya tabbatar da cewa maganar mutumin ƙarya ce. Hujjar 8 da ke sama ta isa ta ƙaryata wannan, tunda ɓatacciya ce amma natijarta gaskiya. Sanin sunayen kurakurai yana da amfaninsa ga wanda ya riga ya iya auna tsari. Ga wanda bai iya ba, girman kai kawai yake ƙara masa. Manɗiƙin alamomi da masanin lissafi Boole ya share wa fage a 1847 da 1854, takwaransa Frege kuma ya kafa ginshiƙinsa a 1879, ba don cin muhawara aka yi shi ba, an yi shi ne don a san takamaimai me yake biyo wa me.

Jerin babobin da ka ambata shi ne jerin da ya dace. Babin mayar da jumloli zuwa alamomi shi ne wanda ɗalibai suka fi rainawa kuma shi ya fi kayar da su, musamman bambancin "idan" da "sai idan", da kuma inda ake ajiye "duk" da "wani" a jumla guda. Cewa kowa yana da wanda yake so daban yake da cewa akwai mutum guda da kowa yake so, kuma alamomi ne suke fito da wannan bambanci fili. Jadawalin gaskiya, wanda yake jera duk yanayin da jumlolin za su iya zama gaskiya ko ƙarya, yana da sauƙi, sai dai yana ninkuwa da kowane harafi mai wakiltar jumla da aka ƙara: haruffa 3 layi 8 ne, haruffa 10 kuwa layi 1024. Idan aka shiga manɗiƙin "duk" da "wani", jadawalin ba ya wadatarwa, kuma masana lissafi Church da Turing sun nuna a 1936 cewa babu wata hanya ta inji da za ta yanke hukunci a kan kowace hujja a wannan fage. Shi ya sa littafi nagari yake dagewa a kan fitar da natija mataki-mataki, tsarin da masana manɗiƙi Gentzen da Jaśkowski suka fito da shi kowa da kansa a wajajen 1934, wanda littattafai da yawa suke koyarwa bisa salon da wani masanin, Fitch, ya yaɗa a 1952.

Abin da za ka duba a littafinka shi ne ko yana da atisaye mai yawa bayan kowane sashe, da amsoshin wasu daga ciki, da kuma ko ya tsaya a kan tsarin fitar da natija guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Idan yana da waɗannan, ya ishe ka. Kada ka haɗa littattafai biyu ana dab da jarrabawa, domin ƙa'idojin da wani ya ɗauka a matsayin tushe, wani sai ya fitar da su daga wasu, alamominsu ma sukan bambanta, kuma mai duba takardarka tsarin da ya koyar zai bi. Idan atisayen ya yi maka kaɗan, akwai littafin forall x na P. D. Magnus da ake samu kyauta a intanet. Ɗauki tambayoyinsa, amma ka warware su da ƙa'idojin littafinka.

A kwanakin da suka rage, karanta da fensir a hannu. Rufe amsar kowane misali ka gwada shi da kanka kafin ka duba. Idan natijar da ake nema tana da siffar "idan P, to R", soma da ɗaukar P a matsayin zato, ka nemi hanyar isa ga R, sannan ka sauke zaton. Idan kuma ka daɗe a kan wata hujja ba ta fita, tsaya ka gwada neman yanayin da muƙaddimomin za su zama gaskiya natijar ta zama ƙarya, kamar yadda muka yi da 6, domin mai yiwuwa hujjar ce ba ta inganta ba tun asali. Allah ya ba da sa'a.