Me Ya Sa Duhun Tsofaffin Finafinan Noir Ke Komawa Toka a Faifaina?

Tambaya: Na sayi faifan DVD mai ɗauke da tsofaffin finafinan Amurka baƙi da fari guda goma, irin na 'yan daba da jami'an bincike da ake kira noir. Duk inda dare ya yi a fim ɗin sai hoton ya koma toka-toka, yana farfashewa. Tsufa ne, ko an cuce ni?

Amsa: Malam, laifin ba na shekaru ba ne. Fim mai faɗin milimita 35 da aka ɗauka a 1944 yana ɗauke da bayanin hoto fiye da abin da DVD zai iya nunawa. Kuma wannan salo, wanda ɗan jaridar Faransa Nino Frank ya yi wa suna a 1946, da inuwa aka gina shi: rabin fuska a haske, rabi a duhu, hayaƙin taba na ratsa hasken taga. In baƙin ya lalace, fim ɗin ya tafi.

Abu na farko shi ne tushen da aka kwafo. Daga negetif, wato ainihin fim ɗin da aka ɗauka a cikin kyamara, ake fitar da kwafi, daga kwafin a fitar da wani, kuma kowane hawa yana cinye ƙananan bayanan cikin inuwa. Kafin 1951 kuwa a kan fim ɗin da aka yi da sinadarin naitiret ake ɗauka, wanda ke ruɓewa kuma wuta na kama shi nan take, shi ya sa negetif da yawa suka salwanta. Dubi fim ɗin Detour na darakta Edgar G. Ulmer, na 1945. Da haƙƙin mallakarsa ya faɗi, kowa ya dinga buga shi daga gajiyayyun kwafi masu zane-zane da tsallaken murya. Da masu adana finafinai na Academy, ƙungiyar da ke ba da kyautar Oscar, suka tashi gyara shi, kwafi mafi kyau a Beljiyam suka same shi, amma da fassarar Faransanci da Filemanci a manne jikin hoton. Sai da aka bi hoto ɗaya bayan ɗaya ana rufe rubutun da sassa daga wani negetif na gidan tarihin MoMA a New York. Kamfanin buga faifai na Criterion ya fitar da shi a 2019. Wanda ya gwada wannan da tsohon bugu zai rantse ba fim ɗaya ba ne.

Na biyu, matsi. DVD mai hawa biyu gigabayit 8.5 yake ɗauka. Raba wa fim goma, kowanne bai samu ɗaya cikakke ba, kuma wurin duhu da hayaƙi ne ke fara fashewa ya zama dabbare-dabbare masu kusurwa huɗu. Faifanka ke nan. Blu-ray kuwa gigabayit 25 ko 50 ne ga fim guda.

Sai talabijin, wanda mutane ke mantawa da shi. Faɗin hoton waɗannan finafinai 1.37 ne a kan tsayi 1, don haka dole ka ga baƙin shafi dama da hagu. Kada ka miƙar da shi ya cika allo, fuskoki za su baje. Kashe saitin da ke santsar da motsi, kashe na rage dusar hoto, ka sauke kaifin hoto zuwa ƙasa. In akwai Filmmaker Mode, zaɓe shi. Sannan ka tsayar da fim a wurin da mutum ke sanye da baƙar kwat cikin dare, ka dinga rage hasken baƙi har sai shafin gefe ya yi baƙi ƙirin amma kana iya ganin kwalar kwat ɗin. Ka kashe fitilar ɗaki.

Tsaki-tsakin da ke motsi a hoton Blu-ray mai kyau ba datti ba ne, ƙwayoyin azurfar fim ɗin ne. Bugun da aka goge su, fatar mutane kan zama kamar roba, kuma mu ba ma ba da shawarar sayensa komai arha.

Wajen saye, juya bayan kwali. Nemi inda aka faɗi abin da aka kwafo, negetif ne ko wani kwafi, da ko a ƙimar tsabtar hoto ta 2K ko 4K aka yi. Kalmar "an sabunta" ita kaɗai ba ta nufin komai. Duba shiyya ma, don ana kulle faifai ga na'urorin wani yanki kaɗai: Afirka da Turai suna shiyyar B ta Blu-ray, Amurka tana A, don haka bugun Criterion na Amurka zai iya ƙin buɗewa a na'urarka, alhali na kamfanonin Ingila irin su Eureka da Arrow zai yi. Faifan 4K galibi ba shi da kullen shiyya, sai dai yana buƙatar na'urarsa ta daban.