Tambaya da Amsa: Ganye Kaɗai Zai Wadatar da Yaro da Bitamin A?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta uku, kusan kullum tana cin miyar alayyahu ko kwaɗon zogale. Amma tun da ta yi ƙyanda, da magariba ta yi sai ta riƙa lalube. Maƙwabciyata ta ce dundumi ne. Ashe ganye ba ya isar yaro? (Wata uwa daga Funtuwa)

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki jira, ki kai ta asibiti. Dundumi yana cikin alamun farko na ƙarancin bitamin A, ƙyanda kuwa tana ƙarar da ɗan abin da hanta ta adana. Yaro mai dundumi da ya wuce shekara ɗaya ana ba shi bitamin A har IU 200,000 (IU ma'aunin bitamin ne) ranar farko, a sake washegari, sannan bayan mako biyu. Abinci ba zai cike wannan giɓin da gaggawar da ido yake bukata ba.

Ganye yana da amfani, sai dai babu bitamin A tsantsa a cikinsa. Abin da ke ciki sinadarin karotin ne, wanda hanji yake sarrafawa ya mai da shi bitamin A, kuma ana asara mai yawa a nan. A da ana lissafin kashi 6 na karotin yana ba da kashi 1 na bitamin A. A shekarar 2001 masana a Amurka suka mai da shi 12. Binciken da aka yi da 'yan makaranta a Indunusiya, wanda ya fito a 1998, ya samu kusan 26 ga ganye da karas, 12 ga 'ya'yan itace irin su mangwaro da gwanda. Dalili shi ne karotin na ganye a kulle yake cikin ƙwayoyin halitta masu tauri, kuma ba ya narkewa sai da mai.

Saboda haka ki yanka ganyen ƙanana, ki dafa shi ya yi laushi, ba har ya dafe ya koma baƙi ba. Ki tabbata akwai mai a kwanon yarinyar, ko da ƙaramin cokali ɗaya ne. Kwaɗo da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ya fi ganyen da aka tafasa zalla nesa ba kusa ba. In za ki busar da zogale ko kuka, ki shanya a inuwa, don rana tana lalata karotin.

Manja ya fi ganye ba da bitamin A, amma matsalar a suya take: in aka bar shi a wuta yana hayaƙi har jan ya washe, amfanin ya tafi. A zuba shi a miya da jansa. Kabewa, mangwaro nunanne da dankalin Hausa mai ciki ruwan goro su ma jiki ya fi saurin amfana da su. Ƙwai da hanta kuwa bitamin ɗin a shirye yake. 'Yar ƙaramar yanka ta hanta sau ɗaya a mako ta isa yaro.

Tsutsar ciki da yawan gudawa suna hana hanji tsotse karotin, shi ya sa ake haɗa maganin tsutsa da ɗigon bitamin A a makon lafiyar mata da yara. Bayan ta warke, ki ci gaba da kai ta karɓar ɗigon duk wata shida har ta cika shekara biyar.